Mayo Kaliao na Marwa: wane aji ya dace da kogin da ruwansa ke kwance ƙarƙashin yashi?

Mayo Kaliao (mayo da Fulatanci kogi ne) ya ratsa tsakiyar garin Marwa a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kuma daga wajen Nuwamba har zuwa Mayu ba a ganin ruwa a samansa. Wanda ya tsaya a kan gada ya leƙa zai ga yashi shimfiɗe, samari na buga ƙwallo, masu amalanke na lodin yashin gini, mutanen unguwar Domayo na yanke hanya da ƙafa zuwa kasuwa. Zai kuma ga ramuka nan da can, inda aka tona yashin har ruwa ya tsattsafo. A bakin waɗannan ramuka ake wanki, ake wanke babura, ake shayar da awaki, kuma idan famfo ya ɗauke a unguwa, nan yara ke zuwa da jarkoki. Sai damina ta kankama, ruwan da ya sauka a duwatsun Mandara ya gangaro, cikin sa'o'i kaɗan filin ƙwallon ya zama kogi ja mai ƙarfin da ke cin gaɓa yana kada gidaje. A gabashin gari yake haɗuwa da Mayo Tsanaga, su bi ta Bogo su nufi tafkin Maga.

Tambayar da nake so a tsaya a kanta ita ce: idan hukuma ta zauna sake duba ma'aunin ingancin ruwan koguna da tafkuna, ta zo kan rarraba su aji-aji, a ina za ta ajiye kogi irin wannan? Yawancin kogunan yankin Arewa Mai Nisa haka suke, ban da Logone da Shari, saboda haka amsar da aka ba Kaliao ita za ta bi Tsanaga da Mayo Boula da sauran 'yan'uwansu.

Abin da rarrabawa take nufi

Ma'aunin ruwan sha daban, na ruwan kogi daban. Na ruwan sha ya shafi abin da ke cikin moɗa lokacin da za a kai ta baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya cikin mililita 100, kada sinadarin naitiret ya wuce miligiram 50 a lita, kada ƙarfen kuromiyom ya wuce miligiram 0.05. Babu kogin da ya ratsa birni da zai cika wannan sharaɗi ba tare da an tace shi ba. Ma'aunin kogi kuwa yana farawa ne da wata tambaya: me jama'a ke yi da wannan ruwa, kuma me ake so su iya yi da shi? Daga amsar ake yanke adadin ƙazantar da ba za a bari ya wuce ba, daga adadin kuma ake yanke abin da za a yarje wa mayanka ko masana'anta ko majema su zubar.

Dokar tsabtar ruwa ta Amurka ta 1972 a kan haka aka gina ta. Kowace jiha tana rubuta amfanin da aka ware wa kowane yanki na kogi, ko sha ne bayan tacewa, ko wanka, ko kamun kifi, ko ban ruwa, sannan dole ta sake duba ma'aunin aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku. Tarayyar Turai a shekarar 2000 ta bi wata hanya, ta raba lafiyar ruwa aji biyar daga mafi kyau zuwa mafi muni, tana duba har kifi da tsirrai da ƙwarin da ke rayuwa a ciki.

Mu ma rarraba ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk yaron da ya fara karatun tsarki a zaure ya san malaman Malikiyya sun kasa ruwa uku. Akwai mai tsarki mai tsarkakewa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, ko kuma abin da ya jirkita shi mazauninsa ne, kamar laka. Akwai wanda abu mai tsarki ya jirkita, a yi aikin gida da shi amma ba a yi alwala ba. Akwai wanda najasa ta jirkita, ba a sha ba a ibada da shi, sai dai a shayar da shuka. Wannan rarrabawa ce bisa amfani, kuma ta daɗe tana kiyaye mutane. Sai dai ma'auninta ido ne da harshe da hanci, alhali ƙwayar kwalara da ta taifot da naitiret ba sa canza ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwan rami a Kaliao yana iya fitowa garau, alwala ta inganta da shi, jariri kuma ya sha ya kwana gudawa. Tambayar tsarki an amsa ta. Ta lafiya ce ke jiran awo.

Abin da dokar Kamaru ta tanada

Ba a rasa doka ba. Dokar muhalli mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996 ta ɗora wa ma'aikatar da ke kula da ruwa nauyin yin ƙididdigar yadda ruwan cikin ƙasa ya gurɓata, ta fuskar kamanninsa da sinadaransa da halittu da ƙwayoyin cuta da ke cikinsa, kuma a riƙa sabunta ƙididdigar lokaci-lokaci ko duk sa'ad da wata babbar gurɓata ta auku. Dokar ruwa mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998 ta hana zuba duk abin da zai ɓata ruwa, ta kuma bambanta ruwan sarari, wato mai gangara da na koguna da na kwance, da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 8 ga Mayu 2001 Firayim Minista ya sa hannu a kan dokokin zartarwa, ciki har da ta kare ruwa daga gurɓata da ta shata iyakar kariya a kewayen wuraren ɗiban ruwan sha. Hukumar ma'auni ta ƙasa, ANOR, an kafa ta a 2009. Daga sama kuma akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, wadda shugabannin ƙasashenta suka amince da Yarjejeniyar Ruwa a Injamena a 2012, kuma Kaliao yana cikin kwarin da yarjejeniyar ta shafa.

Matsalar tana cikin wannan rabon gida biyu, na sarari da na ƙarƙashi. A watan Agusta Kaliao ruwan sarari ne, babu gardama. A watan Maris fa? Jami'in da ya zo da kwalba zai ce bai ga kogi ba, ya rubuta cewa a bushe yake, ya wuce. Mai kula da rijiyoyin burtsatse zai ce ramin da bai kai tsayin mutum ba, wanda ake tonawa yau ya rufta gobe, ba rijiya ba ce da ke cikin lissafinsa. Ruwan da talakan gari ya fi dogara da shi a watannin da ƙishi ya fi tsanani shi ne ya faɗa tsakanin ofis biyu.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2021 ya nuna cewa fiye da rabin tsawon kogunan duniya suna daina gudu aƙalla kwana ɗaya a shekara. A Amurka ma an daɗe ana shari'a a kan ko dokar 1972 ta shafi ƙoramun da ke gudu bayan ruwan sama kawai, har Kotun Ƙoli a 2023 ta taƙaita ta ga ruwa mai ɗan ɗorewa da fadamun da ke manne da shi. Can mai ƙorama yana da famfo a gida. Idan muka kwafo wannan fahimta zuwa Marwa, mun cire kariya daga ruwan da ake sha.

Inda lissafin yake karyewa

Kusan duk izinin zubar da ruwan datti a duniya an gina shi a kan zaton cewa kogi zai gauraya abin da aka zuba ya sirka shi. Ana duba mafi ƙarancin ruwan da kogin ke ɗauka a shekara, a lissafa nawa zai iya haɗiyewa ba tare da ya wuce ma'auni ba. A Kaliao mafi ƙarancin nan sifiri ne, kuma ba na mako ɗaya ba, na fiye da rabin shekara. Duk abin da lambatu ya kawo a rani, ko ruwan wanki ne, ko jini da tumbi daga wurin yanka, ko baƙin mai daga wurin wankin mota, ko ruwan jima, yana sauka a kan yashi yadda yake, ya nutse cikin ruwan da ake tonowa 'yan taku kaɗan a gaba.

Mutane kan ce ai yashi yana tacewa. Gaskiya ne, amma da iyaka. Yashi yana riƙe laka da ƙwan tsutsar ciki da kaso mai yawa na ƙwayoyin cuta, shi ya sa ruwan rami ke fitowa fari. Abin da ya narke cikin ruwa kuwa wucewa yake yi. Naitiret da ke fitowa daga masai da kashin dabbobi da takin zamani yana bin ruwa duk inda ya je, kuma tafasawa ba ta kawar da shi, ƙara masa kauri take yi. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce masai ya nisanci wurin ɗiban ruwa da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya kasance mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Duk wanda ya bi gaɓar Kaliao da ƙafa ya san gidaje nawa ne bayansu ke kallon kogin kai tsaye, ya kuma san abin da ake yi a yashin da asuba da bayan magariba. Hadisin da ya hana bahaya a mashayar jama'a kowa ya ji shi a wa'azi, amma kaɗan ne ke ɗaukar busasshen yashi a matsayin mashaya.

Majema sun cancanci a yi musu adalci a nan, domin Marwa ta yi suna da aikin fata, kuma da an ambaci gurɓata ruwa su ake fara nunawa da yatsa. Jima irin ta gargajiya, da toka da farar ƙasa da bagaruwa, tana fitar da ruwa mai wari mai nauyin ruɓa, wanda idan aka tara shi a rami aka bar shi ya kwanta, yawancin illarsa na raguwa. Jima da gishirin kuromiyom wani abu ne daban, domin ƙarfe ba ya ruɓewa, a yashi yake zama shekara da shekaru. Ma'aunin da bai bambanta waɗannan biyun ba zai takura wa mai bagaruwa a banza, ya bar mai kuromiyom ya wuce.

Sai ruwan farko. Dattin wata bakwai da ya taru a kan yashi, leda da batura da mushe da kashi, ruwan Mayu ko Yuni ne ke kwashe shi gaba ɗaya. A wannan lokaci ramukan ke cika da ruwan sama mai ɗauke da duk wannan, rijiyoyin bakin gaɓa su gurɓace, yara kuma su ruga wanka saboda murnar ganin ruwa bayan zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Annobar kwalara ta 2010 a watan Mayu ta fara a yankin Arewa Mai Nisa, kuma kafin shekarar ta ƙare ta kama mutum fiye da dubu goma a Kamaru, ta kashe fiye da ɗari shida. Ba a ce kogi ɗaya ne ya jawo ta ba, amma lokacin da ta tashi ya isa ya nuna wa mai awo watan da ya kamata ya kasance a bakin ruwa. Wanda ya zo a Agusta, bayan ambaliya ta wanke komai ta kuma sirka abin da ya rage, zai koma da sakamakon da ya fi gaskiyar lamarin kyau. Idan aka haɗa awon watanni aka fitar da matsakaici na shekara, kamar yadda ake yi wa kogunan da ba sa ƙafewa, makonnin ruwan farko da suka fi kisa sai su ɓace cikin lissafi.

Abin bai tsaya a Marwa ba. Masu lambun albasa da latas da tumatir a gaɓar Tsanaga daga wannan yashi injinansu ke jan ruwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce ruwan ban ganyen da ake ci ɗanye kada ƙwayoyin kashi a cikinsa su wuce 1,000 a mililita 100. Abin da ya wuce Bogo kuma a Maga yake sauka, tafkin da aka datse a 1979 domin noman shinkafar kamfanin gwamnati SEMRY, wanda kifinsa ke dawowa kasuwannin Marwa a kan babura. Kifi yana bukatar kimanin miligiram 5 na iskar oksijin a litar ruwa, ruwa mai zafin digiri 30 kuwa ko yana da tsabta bai fi 7.5 yake iya riƙewa ba. Ratar kaɗan ce, kuma duk abin da ke ruɓewa cikin ruwa daga ita yake ci.

Hanyoyi biyu da suke da sauƙi, da abin da ya sa ba su dace ba

Hanya ta farko ita ce a auna Kaliao yadda yake yau, a ga ya ƙazantu, a saka shi a aji na ƙarshe, na magudanar ruwa. Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, domin a takarda tana kama da faɗin gaskiya. Amma aji ba bayanin halin da ake ciki kaɗai ba ne, shi ne kuma ke yanke abin da za a halatta gobe. Ran da aka rubuta cewa kogin magudana ne, duk mai zuba datti ya sami hujja, kuma matar da ke ɗiban ruwa a rami ita ce ta zama mai laifi, tunda an ce ba na sha ba ne. Ba za ta daina ɗiba ba, don ba ta da wani. Kariyar ce kawai za ta rasa.

Hanya ta biyu ita ce a ba shi aji na sama gaba ɗaya, daga tushe har Maga, a kafa allo, a ce an gama. Masu sukar wannan suna da hujja mai ƙarfi. Marwa ba ta da magudanar ƙarƙashin ƙasa da za ta kwashe ruwan dattin gidaje. Mahauci da majemi da mai wankin mota ba su da inda za su kai nasu. Dokar da kowa ke karyawa kullum tana zama hanyar karɓar na goro daga mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma haɗarin mutane su ji an ce ajin ruwan sha, su ɗauka an ce a sha haka nan.

Abin da nake ganin ya dace

A ganina gyara na farko a ma'anar kogi yake. A rubuta ƙarara cewa yashin mayo da ruwan da ke kwance cikinsa ɓangare ne na kogin a kowane wata na shekara, kuma zuba datti a busasshen yashi daidai yake da zuba shi a ruwa. Wannan jimla ɗaya ta rufe ratar da ke tsakanin ofisoshin nan biyu. Daga nan izinin zubarwa a mayo ya daina dogara da sirki: abin da zai fito daga bututu ko lambatu shi kansa ya cika ma'auni kafin ya taɓa yashi.

Na biyu, a raba kogin yanki-yanki, kowane yanki kuma a rubuta masa abu biyu daban, halin da yake ciki yanzu da ajin da ake nufin kai shi cikin shekarun da aka ƙayyade. Yankin da ke sama da gari da duk inda aka san ana ɗiban ruwan gida a ba shi ajin ɗanyen ruwan da ake sha bayan an tace an sa kulorin, a shata masa iyakar kariya kamar yadda dokar 2001 ta riga ta ba da dama. Tsakiyar gari a nufi ajin da yaro zai shiga da damina bai kwaso cuta ba. Ƙasa da gari, inda lambuna suke, a bi ma'aunin ban ruwan ganye. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a rage wa wani yanki aji ƙasa da amfanin da mutane ke yi da shi a zahiri. Kuma wannan amfani ba a ofis za a san shi ba. Lawanai da jaurawa, sarkin pawa, shugabannin majema, masu lambu, da matan da ke wanki, su suka san ramin da ake sha da wanda ake wanki kawai, suka san lambatun da ke gudu da dare.

Na uku shi ne lokacin awo. A ɗebi ruwan ramuka a Maris da Afrilu, a ɗebi ruwan farko cikin kwanakin da ya sauka, a sake ɗiba a tsakiyar damina, kuma a yanke hukunci da mafi munin sakamako, ba da matsakaici ba. Ba sai an auna abu hamsin ba. E. coli, naitiret, gishirin ruwa, duhunsa, da kuromiyom a ƙasa da wuraren jima sun isa a fara. Ruwan da za a nemi ƙwayar cuta a cikinsa dole a sa shi a ƙanƙara ya isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya, shi ya sa aikin ya fi dacewa da hannun da ke kusa. Jami'ar Marwa tana nan tun 2008 da ɗalibai masu neman abin bincike, reshen Cibiyar Pasteur mai gwajin ƙwayoyin cuta kuma yana Garwa, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai, don tabbatar da abin da aka samu.

Akwai abin da ma'aunin ruwa bai saba kulawa da shi ba amma a nan dole ya shiga, wato ɗiban yashi. Kaurin yashin shi ne randar da ke riƙe ruwan rani, shi ne kuma matatar. Duk tifar da ta kwashe lodi daga yankin da ake sha ta rage duka biyun. Ba a ce a hana masu wannan sana'a cin abinci ba, gari na ginuwa kuma yashi ake bukata, amma wurin ɗiba ya kamata ya bi taswirar ajin, a kai shi nesa da ramukan sha da ƙafafun gadoji.

Masu ƙaramar sana'a kuma a fara musu da abin da za su iya. Jinin yanka ana iya tara shi a dafa a busar ya zama abincin kaji maimakon a kora shi lambatu. Tumbi taki ne da masu lambu za su ɗauka da murna. Ramin kwantar da ruwan jima da ɗan tarkon mai a wurin wankin mota aikin birkila ne na kwana biyu. Harajin tsabta da dokar 1998 ta ɗora wa masu gurɓata ruwa, idan wani kaso nasa ya dawo ofishin magajin gari don irin waɗannan ayyuka, wa'adin da aka ba mutane zai zama abin da za a iya tambayarsu a kai.

Dokar 1996 ta ce a sabunta ƙididdiga lokaci-lokaci, ba ta faɗi shekara nawa ba. A sa adadi, ko uku ko biyar, a kuma wajabta fitar da sakamakon kowane zagaye a rediyo da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan gari kafin faɗuwar ruwan farko, yanki-yanki da sunan unguwa, domin uwar gida a Domayo ko Kakatare ta san ramin da za ta hana yaranta ɗiba a bana, ta kuma san ofishin da za ta je ta tambaya idan baɗi ba a ga canji ba.